Fijo 504 akori-kura ta tsohonmu: in sa mata injin Toyota ko in gyara nata?

Ɗan Funtuwa:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota ku taimaka. Akwai 504 akori-kura ta mahaifinmu, haɗin PAN, kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, ta daɗe a ajiye a ƙofar gida, ina so in tada ta saboda gaskiya bana iya ganin an kai ta Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, an yanka. Injin yana tashi amma hayaƙi fari yake yi kuma ruwa na haɗuwa da baƙin mai. Tsatsa ta ci ƙasan direba har kana hango ƙasa, bayan ma duk ya huje dan taki aka riƙa ɗauka da ita. Wani ya ce in cire injin in ɗora injin 22R na Toyota Hilux in huta. Ya kuke gani?

Bakanike Kd:
Wa'alaikumussalam. Ƙanina kafin ka yi maganar inji shiga ƙarƙashinta da guduma ka bubbuga shasi tukuna, musamman wajen da sifirin na baya ya kama, in gudumar ta lotsa ƙarfen to nan kuɗinka zai fara zuwa. Taki yana cin ƙarfe sosai kuma ba a bodi kaɗai yake tsayawa ba, ruwan sama na wanke shi ya gangara ƙasa.
Batun inji kuwa ni dai ban goyi bayan Toyota ba. Injin 504 a kishingiɗe yake zaune, na Hilux a tsaye, sai ka sake mauntin, ka kawo giyabos ɗinsa, a yanka farfela (sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya), a canza layin salansa da tiyon lagireto, kuma duk randa abu ya lalace babu wanda zai gane kan haɗin sai wanda ya yi. Alhali injin 504 silib gare shi masu fita, wato bututun da fistin ke gudu a ciki, ka sayi silib da fistin da ringi saiti guda, sabon gasket, a duba tof silinda ko ya lanƙwashe a goge fuskarsa ta daidaita, shikenan ya dawo. Ruwan da kake gani a mai yawanci ko gasket ne ko sil ɗin ƙasan silib.

Mai Kayan Gwari:
Oga na yarda da kai amma fa kaya masu kyau sun yi wuya yanzu, jabu sun cika kasuwa. In bulok ɗin ya tsage ka nemi injin 505 mai kafireto, 2.0, gida ɗaya ne da naka yana zama ba wahala. Ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ka je da bakanikenka kar ka je kai kaɗai.

Baba Fanel Bita:
Yaro abu ɗaya zan roƙe ka, kar ka bari kowa ya shafe maka ramin tsatsa da fila, wato ƙullin cike bodi. Damina ɗaya za ta kumbura fentin ya fashe. A yanke wurin har sai an kai ƙarfe mai lafiya, a yanko sabon faranti a yi walda, a goge, a shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje, sannan fila kaɗan dan gyara fuska. Ka cire robar gilashin gaba ma ka duba, nan ruwa ke bi ya sauka ƙasan direba, in ba ka toshe shi ba sabon farantin ma zai ruɓe.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Gobe in sha Allah za mu ɗaga ta mu duba shasin. Baba, wane kaurin faranti zan saya na ƙasan bayan, tunda buhunan masara zan riƙa ɗauka da ita?