Karin maganar Folan: mai jinin sarauta a gonarsa da gwamnan lardi

Ɗan Kurmi: Jama'a, ga wata karin magana ta mutanen Folan: "Szlachcic na zagrodzie równy wojewodzie." Wai mai jinin sarauta, ko 'yar gona ɗaya ce dukiyarsa, daidai yake da gwamnan lardi. Ni dai na ɗauke ta kamar tamu ta "kowa a gidansa sarki ne". Ko kuwa?

Malamar Tarihi: A'a ƙanena. Tamu ta haɗa kowa, har ɗan dako. Tasu ta masu asali ce kaɗai, waɗanda ake kira szlachta, kuma doka ce ke bayanta. A zamanin sarakunansu, daga 1505 sarki ba ya kafa sabuwar doka sai majalisarsu ta amince. Daga 1573 su ke zaɓen sarkin ma, kowane namiji a cikinsu na da ikon zuwa filin zaɓe kusa da Warsaw. Ga su da yawa, sun kusa ɗaya cikin goma na jama'ar ƙasar. A lokacin, a yankin Mazowsze akwai ƙauyukan da kowa ɗan sarauta ne, da hannunsa yake huɗa, amma takobin kakansa na rataye a ɗaki.

Kawu Na Zinder: Malama, a takarda kenan. Ni ina jin zolaya a cikinta. Wace daidaito ce tsakanin mai gona ɗaya da gidan Radziwiłł ko Potocki, masu garuruwa da rundunar kansu? Talakan ɗan sarauta a teburin babba yake ci ya sha, ranar taron gunduma ya ɗaga murya inda aka nuna masa. Kuma daidaiton nan ne ya haifi dokar da mutum ɗaya zai ce "ban yarda ba" majalisa ta watse, kamar yadda aka yi a 1652. Maƙwabta suka gane hanya, suka riƙa sayen wakilai. Rasha, Furusiya (wata masarautar Jamusawa) da Ostiriya suka yi wa ƙasar rabon nama daga 1772, zuwa 1795 babu ita a taswira.

Malamar Tarihi: Ban musa ba Kawu, amma mai faɗinta a lokacin ba wasa yake ba. Abin da ya rage masa kenan.

Baƙon Dandali: Duk kun manta da manomi. Masu sarautar sun ce su jikokin Sarmatiyawa ne, wasu mahaya dawaki na zamanin da, manoma kuwa zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu, alhali harshensu ɗaya. A gabas abin ya fi muni. Bayan haɗewar Folan da Lituweniya a 1569, manyan gidajen Rus (yankin Yukren da Belarus na yau) da yawa suka koma Katolika suka ɗauki harshen Folan, talakawansu suka tsaya a cocin Otodoks. Jeremi Wiśniowiecki, ɗaya daga cikin manyan nan, haka ya yi, kuma shi ya fi kowa zafi wajen yaƙar boren da Khmelnytsky, jagoran mayaƙan Kosak na Yukren, ya tayar a 1648. Alhali ga tatsuniyarsu tana cewa Lech, Czech da Rus, kakannin mutanen Folan, Czech da Rus, 'yan uwa uku ne, uba ɗaya.

Ɗan Kurmi: To yanzu in makwabcina ya yi mini gadara da muƙami, zan iya jefa masa ita?

Kawu Na Zinder: Jefa mana. Tun 1921 tsarin mulkinsu ya soke gatan haihuwa, ba wanda zai tambaye ka tambarin gidanku.

Malamar Tarihi: In dai gonar taka ce ba aro ba, ƙanena.