Motata mai turbo tana ƙarar tsakuwa duk lokacin da na sauka Garwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka da shawara. Motar nan ta hannu ce, daga Duwala aka kawo ta, injin fetur lita 2.0 mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska. Yayana ne ya fara sayenta, da harkar shanunsa ta tsaya sai na karɓa ina biyansa kaɗan-kaɗan, har yanzu da sauran kuɗinsa a kaina, kuma uwargidansa ba ta so cinikin ba tun farko. A Gaundare ta Kamaru nake zaune. Wani yaro a nan ya sake wa ƙwaƙwalwar motar saiti, ta ƙara ƙarfi sosai, a cikin gari lafiya lau. Amma da zarar na gangara falez, babban gangaren dutsen nan, na doshi Garwa, in na taka totur sai injin ya riƙa ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ƙarfin kuma ya mutu. Bikin ƙanwata ya matso, da ita zan ɗauki tsofaffi. Barci ma ba na iya yi.

Baba Makanike: Wa alaikumus salam. Ɗana, wane mai kake sha? Kuma yaron ya taɓa sandar da ke buɗe ƙofar hayaƙin turbo?

Mai tambaya: Baba, a Gaundare gidan mai nake zuwa. A Garwa kam zuwa-zuwa nake sha, man kwalba na sumoga daga Najeriya, wajen mutumin da na sani tun muna yara, ba zai cuce ni ba. Sandar ina jin ya ɗan ɗaure ta.

Baba Makanike: To ga ciwon nan. Gaundare ta haura mita 1,000 a kan tudun Adamawa, Garwa kuwa kwari ce a bakin Binuwai, wajen mita 200. Iskar kwari ta fi nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Yaronka ya yi saiti a kan tudu cikin sanyi, ya ɗaure sanda, ya matso da lokacin tartsatsin fulogi har bakin iyaka. Ka sauko, iska ta ƙaru a silinda, ga zafin Garwa da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, ga mai maras isasshen oktan, wato ma'aunin juriyar fetur ga fashewa da kansa. Sai fetur ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ƙarar da kake ji ke nan. Na'urar da ke sauraron ƙarar ita ke ja da tartsatsi baya don ta ceci injin, shi ya sa ƙarfi ke mutuwa. Yawancin injinan turbo na Turai oktan 95 aka rubuta musu, duba murfin tankinka. In ka ci gaba, fistin zai huje.

Direban Marwa: Baba ka yi haƙuri, maganar tudu ba ta shafi turbo ba. Motar da ba turbo ita ke rasa ƙarfi a sama, haka ma mai kwamfuresar cusa iska irin Mercedes Kompressor, tunda bel ke juya ta daidai da gudun injin. Turbo ta zamani kwamfuta ce ke auna iska, a sama ta ƙara mata juyi ta cike giɓin. Mai ne kawai. Ni a wani gidan mai aka zuba mini wanda aka gauraya da kananzir, injin ya tafi, maigidana ya cire kuɗin a albashina, har yau ban warke ba. Tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ma zuwa-zuwan ya yi tsada, algus ya ƙaru.

Baba Makanike: Wadda ba a taɓa ba kake faɗa. Wannan an ɗaure mata sanda da hannu, lissafin kwamfutar ya riga ya karkace. Kai mai mota, mayar da saitin kamfani, a saki sandar, a wanke intakula mai sanyaya iskar turbo, ka bar man kwalba. Ba wata hanya.

Wani ɗan Kusuri: Ɗan'uwa jefa kafur a tanki, oktan zai hau. Mu nan haka ake yi. Ni matsalata ma takardu ce, duk shiga Injamena sai an tsare ni a gada.

Baba Makanike: Kada ka kuskura. Toshe maka injekta zai yi.

Mai tambaya: Na gode Baba, amma kuɗi mai yawa na biya a saitin nan, kuma yaron ya iya aiki, motocin manya yake taɓawa. In na mayar, kuɗina sun tafi a banza ke nan, yayana kuma zai ce na lalata mota. Mai man nan ma ban taɓa kama shi da algus ba. In na riƙa tafiyar asuba kafin rana ta yi zafi, ban taka da ƙarfi ba, ba za ta kai ni bikin ba?

Direban Marwa: Za ta kai, in ka cika tanki tun daga Gaundare.

Baba Makanike: Da tsofaffi da kaya cike da but, a hawan falez lokacin dawowa dole ka taka. Ka ma ciro fulogi ɗaya ka duba bakinsa?

Mai tambaya: Ban duba ba tukuna. Akwai wanda ya san inda ake sayar da maganin ƙara oktan na kwalba a Garwa?