Musayar baiti kan 24: wane kashi ne ya fi tsaya maka a rai?

Ɗan Fagge:
Slm jama'a. Jiya ina kwashe kaya a ɗakin tsohuwa sai na ci karo da tsoffin faya-fayaina na 24, shirin talabijin ɗin nan na Amurka kan yaƙi da ta'addanci, irin waɗanda ake zuba sizin guda cur a faifai ɗaya hoton duk ya dishe, wlh sai da na zauna a ƙasa na daɗe ina juya su ina tuna lokacin da muke karo-karon kuɗin man janareto mu kwana a shago gaban talabijin saboda Jack Bauer, wanda mu a unguwarmu Jak Bawa muke ce masa. To ga sharaɗi, kowa ya kawo kashin da ya fi so amma da baiti, ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Wanda bai kalla ba ya kauce don za a fasa ƙwai.

Bismilla na ɗau alƙalami,
Gaisuwa ga ɗalibi da malami,
Yau batun Jak Bawa ne jarumi,
Na 24 ɗin da ya zaga duniya.

A 2001 Fox ta sako shi,
Kwana guda tak ne zangonshi,
Awa guda ce kowane kashi,
Agogo na bugu kamar bugun zuciya.

Ni nawa na ƙarshen zangon fari,
Sanata Falma ya tsira, an yi murna a gari,
Ashe Nina ta ofishin su Jak ce ke saƙa sharri,
Tana sayar da sirri ga 'yan Sabiya.

Jak ya koma ofis ya buɗe ɗaki,
Ga matarsa Teri a kujera, harsashi a ciki,
Mai juna biyu, ba sauran motsin jiki,
Agogo ya tafi shiru, ba ƙara ko ɗaya.

'Yar Zazzau:
Yaya Ɗan Fagge ka sosa min inda yake ƙaiƙayi. Nina kam har yau in na ga matar a wani fim sai gabana ya faɗi. Amma ga nawa.

Yaya na ji naka kuma na yaba,
Sai dai zango na biyu ba ka duba ba,
Joj Mesin, ogan Jak, da bai taɓa burge kowa ba,
Shi ya sa ni kuka a gaban ƙannena ba kunya.

Da ya ji akwai bam sai ya nemi tsira,
Ya kama hanyar barin gari ba jira,
A wani sito ƙaddara ta yi kira,
Ya shaƙi gubar sinadarin nukiliya.

Likita ya ce masa kwana ya ƙare,
Ya dawo ofis, ya cije ya daure,
Jak ya ɗau bam a jirgi cikin dare,
Zai kai shi hamada, ba batun komowa baya.

Ya kira 'yarsa Kim ya yi mata sallama,
Ashe Mesin ya ɓuya tun kafin a hau sama,
Ya ce sauka da lema, ni na riga na gama,
Je ka rayu, kai kana da ɗiya.

Kashi na 15 ne, ƙarfe 10 zuwa 11 na dare, bam ɗin ya tashi a hamadar Mojave. Abin da ya kama ni shi ne mutumin nan matsoraci ne da safe, kafin tsakar dare ya zama wani daban, kuma da idonmu muka ga yadda ya sauya awa bayan awa jikinsa na lalacewa.

Bakatsine:
Anti, Mesin ya zaɓa da kansa,
Ajali ma ya riga ya shiga jikinsa,
Rayan Shafel fa, wa ya nemi ra'ayinsa?
Aka ja shi kamar ragon layya.

Sondas na riƙe da ƙwayar cuta,
Ya ce da Shugaba Falma a kashe shi ko in sake ta,
Shugaba ya rasa ƙofar fita,
Ya ba Jak umarni ta waya.

A filin jiragen ƙasa, gari na wayewa,
Aka ce wa za ka kira, ya ce babu kowa,
Ya karɓi bindigar da kansa, ya kasa harbawa,
Ya durƙusa, Jak ya tsaya masa ta baya.

Zango na uku kenan, kashi na 18. Ni fa ba harbin ne ya dame ni ba, a'a, wannan tambayar ce. Mutum ya yi shekaru yana oga yana daka wa na ƙasa tsawa, ranar da za a kashe shi a ba shi waya a ce kira wani ku yi bankwana ya rasa wanda zai kira, ɗan'uwan ma da yake da shi sun daɗe ba sa magana. Wlh washegari sai da na buga wa yayana da muka yi wata uku muna gaba kan maganar gona.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan da Faransanci munka gane shi, 24 heures chrono anka sa mai suna. Duk kun yi ƙoƙari amma hwa ba ku kai ga sarkin ba.

Ku ba zango na biyar hanya shi wuce,
Ko zama ban gyara ba, Falma ya mace,
Motar Mishel ta tashi, ga mijinta Toni a kwance,
Duka kahin hantsi, da sanyin sahiya.

Ana neman ɓarawo can bayan gida,
Ashe Shugaba Logan ne, bisa karagar hwada,
Matarshi Marta ta hango lauje cikin naɗi ta hwaɗa,
Anka ce taɓin hankali ne, a kai ta jinya.

Amma Edga shi ya karya min gwiwa,
Iskar guba a CTU, wurin aikin su Jak, tana yaɗuwa,
Kulowi na bayan gilashi, ba halin buɗewa,
Ya kira sunanta ya hwaɗi a tsakiya.

Edga bai taɓa riƙe bindiga ba, mai kwamfuta ne kawai mai ƙiba wanda uwarsa ta rasu a zango na huɗu, shi ya sa abin ya hi ciwo. Kuma ba ni kaɗai ba, wannan zangon shi ya ci lambar yabo ta Emmy ta dirama mahi kyau a 2006, Kiefer Sutherland, wanda ya hito a matsayin Jak, shi ma a shekarar ya ɗauki tashi.

Baba Malam na Tudun Wada:
Ni ma na kalla, yarana ne suke kawowa gida in zauna tare da su. Ku yi haƙuri da tsoho.

'Ya'yana na karanta baitocinku,
Na ga hawaye ya cika idanunku,
Ku bar ni in jefa tsakuwa a tuwonku,
Don in na yi shiru na ci amanar gaskiya.

Zango na huɗu me aka nuna?
Iyalin Musulmi, uba da ɗa da inna,
Suna zaune da maƙwabta cikin lumana,
Wai ashe duk shiri ne na kisa da ƙiyayya.

Wanda bai taɓa zama da Musulmi ba,
In ya kalli gidan Araz me zai ɗauka, ku duba,
Gobe ya ga maƙwabcinsa ya ce ban yarda ba,
Haka fim ke shuka ƙaya a hanya.

Sannan azaba, a ɗaure mutum a kujera,
A jona masa lantarki ko a soka allura,
Minti biyu ya tona, gari ya tsira,
Alhali mai shan wuya komai ka so zai faɗa, har ƙarya.

Ba ni na fara wannan ƙorafin ba. Ƙungiyar Musulmin Amurka ta CAIR ta kai kuka a 2005 har Kiefer Sutherland ya fito ya karanta sanarwa cewa Musulmin Amurka ba sa tare da ta'addanci. A 2006 kuma Birgediya Janar Patrick Finnegan na makarantar sojoji ta West Point ya taka da kansa wurin masu shirya shirin ya roƙe su su rage nuna azabtarwa, don ɗalibansa sun fara ɗauka hanya ce mai ɓullewa. In sojansu ya faɗi haka mu me zai hana mu faɗa.

'Yar Zazzau:
Baba Malam ban ja da kai ba,
Abin da ka faɗa ba wanda bai gani ba,
Amma ko zango na takwas ba ka kai ba?
Inda suka ɗauko Anil Kafur daga Indiya.

Shugaba Umar Hasan aka ba shi,
Ya zo New York, sulhu ne burinshi,
Da aka ce ko bam a gari ko a miƙa shi,
Ya miƙa kansa don wasu su kwana lafiya.

Jak ya fasa ƙofa yana ganin ya zo kan lokaci,
Ashe bidiyon da ake haskawa tsohon naɗi ne na zalunci,
An riga an yanka shi, an bar mu da ɗaci,
Agogo ya yi masa tsit, ya shiga sahun manya.

Ranar mamanmu da ba ta kallon fim ɗin Turawa sai na Indiya ta leƙo ta ga Anil Kafur cikin kwat yana Turanci, ta ja kujera ta zauna, har aka kashe shi ba ta ƙara tashi ba.

Baba Malam na Tudun Wada:
'Yata na kai, na gani, na kuma yaba,
Amma cokalin zuma bai gyara tukunyar maɗaci ba,
Shekara nawa ana zuba wancan kafin a duba?
Na karɓi Umar Hasan, ban janye tambaya.

Ɗan Zongo Kumasi:
Baba Malam ka tuna min namu na Afirka. Yajin aikin marubutan Hollywood ya hana zango na bakwai fita a 2008, sai suka toshe giɓin da wani fim na awa biyu, Redemption, a wata ƙasa ta ƙirƙira wai Sangala, a Afirka ta Kudu aka ɗauka.

Sangala ba ta kan taswira,
Amma kayan da aka ɗora mata sun isa tara,
Juyin mulki, bindiga a hannun yara,
Kamar ba a sayen tumatir a nahiyar gaba ɗaya.

Duk da haka Dubaku ya cika ido,
In ya zare ido sai ka ce dodo,
Hakeem Kae-Kazim ne, ba baƙo ba ne a dando,
A Legas aka haife shi, ɗan Nijeriya.

Janar Juma na Sangala ya kutsa Fadar White House da dare,
Shugaba Tela da 'yarta suna tsare,
Bil Bukanan ya ga an rasa mai karewa a tare,
Ya tada gas da kansa ya buɗe hanya.

Kuma ku lura da wani abu, lokacin da aka ce Toni Almeda ya mutu a zango na biyar agogo bai yi masa shiru ba, ni tun ranar na ce wa abokaina mutumin nan yana nan, suka yi ta musu da ni har aka shiga 2009 sai ga shi ya fito da ransa.

Bakatsine:
Ɗan'uwa "dando" kuma? Ka matse amsa-amo har ya yi ƙara, amma na bar maka saboda maganar Toni, ni ma na lura da ita.

Ɗan Fagge:
Madalla da kowa. Baba Malam maganarka ta zauna, lokacin da muke kallo muna samari tafi muke yi in Jak ya shaƙe mutum, yanzu da na girma wurin ne nake kau da kai. Na ga ba wanda ya taɓa zango na shida, ni ma in ban da bam ɗin Balensiya ba abin da na riƙe a ciki. Bayan kashi 192 an rufe a 2010, sai a 2014 suka dawo da kashi 12 a Landan, to can zan ƙarasa.

Hela ya zama shugaba, tsufa ya kama shi,
Ciwon mantuwa na cin ƙwaƙwalwarshi,
Aka harbe Odri, 'yar da ke riƙe da shi,
Ya raka akwatinta zuwa jirgi daga Birtaniya.

Ya tsaya gaban Firaminista ba hawaye,
Ya ce nan gaba kaɗan duk zai kwaranye,
Ba zan tuna mutuwarta ba in ciwon ya cinye,
Ba zan ma tuna na taɓa haihuwar ɗiya.

Shi ko Jak Rashawa suka yi masa tarko,
Suka riƙe Kulowi, abokiyar aiki mai ƙarko,
Ya ce ku sake ta, ni ne kuka biyo tun Mosko,
Ya hau jirginsu mai saukar ungulu bai waiwaya.

Faifan zango na uku duk ya karce, zan goge shi da auduga anjima in ga ko zai kai ni kashi na 18. Ɗan Maraɗi kai ne ba ka ce komai kan tambayar Baba Malam ba, muna jiran baitinka.