Dan Allah a bani shawara akan rufin gidan da zan saya, na riga na bada kafin alƙalami

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema kuma a gaggauce, wlh kwana uku kenan bana barcin kirki. Ni malamin makaranta ne, shekara 11 ina haya a Kano, gida huɗu na canza, wannan na ƙarshen ma mai gidan yace ɗansa zai yi aure a ciki zai saka shi, ya bani zuwa bayan babbar sallah in tashi. Dama ina da fili a wajen Danbare tun 2015 da niyyar in riƙa gini da kaɗan kaɗan, to kunga yadda siminti ya koma har yau ko katanga ban zagaye ba. Shine muka zauna da maman yara mukace a saida filin, ta haɗa da ɗan zinarinta da gadon mahaifinta Allah ya jiƙansa, yayana dake Kaduna shima ya ranta min wani abu, mu sayi ginanne kawai mu huta da yawon haya. Muka samu wani a Dorayi, ɗaki uku da falo, akwai rijiya, kusa da makarantar yara, mai gidan kuma dattijo ne abokin surukina tare suke sallah a sahu ɗaya. Mun daidaita na bada kafin alƙalami, sauran kuɗin nan da sati biyu.

To ranar asabar na kai maman yara ta gani, itace ta lura ɗakin ƙurya silin ɗinsa sabo ne fes sauran ɗakunan kuma tsoho, sannan a kusurwar falo daga sama fenti ya ɗan kumbura kamar zai ɓare, kuma ɗakin yana wani wari kamar na rima duk da zafin nan da ake. Na tambayi dillali yace ai kwalliya ce aka fara kuɗi suka yanke. Yanzu Afrilu muke ruwa bai sauka ba balle in gani da idona. Ya ake duba rufi a rani? Wa ake kira? Kuma ya zanyi in duba ba tare da na ɓata da surukina ba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam matarka tayi gaskiya wlh, mu mata mu muke shan wahalar yoyo. Gidan da muke ciki haka aka mana, muka tare da sanyi komai tsaf, watan Agusta na zuwa sai da na jera bokiti biyar da baho a falo, katifa sabuwa ta kayan ɗakin ƙanwata da aka ajiye a wajena ta jiƙe ta yi baƙi, har yau uwargidan yayanmu tana min gorin katifar nan. Mai gidan haya kuma kullum gobe. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Abu Sudais:
Malam tsaya in faɗa maka, ni shekarata 19 ina aikin gini kuma rufi shine abincina. Sabon silin a ɗaki ɗaya tal ba kwalliya bace, babu mai fara kwalliya daga ɗakin ƙurya ya bar falo inda baƙi suke zama. Kuma ba sai ka jira ruwa ba, rufi yana faɗan ciwonsa ko a tsakiyar rani. Ka samu tsani ka shiga cikin silin ta ƙofar nan da ake bari, da safe kafin ƙarfe 10 domin in rana ta take ba zaka iya numfashi a ciki ba. Da farko ka kashe tocila ka tsaya, duk inda kaga haske ya ratso ta jikin kwano to nan ruwa yake shiga. Sannan ka kunna ka bi katakan ɗaya bayan ɗaya, inda ruwa ya saba bi zaka ga baƙin shati kamar an zana taswira, ka riƙe sukundireba kana caka, katako mai lafiya zai ƙi shiga, wanda gara taci sai kaji ya lume kamar burodi, kuma ka duba jikin bango ko akwai hanyar ƙasa irin wadda gara take ginawa tana hawa sama. Ka taka kan katako kawai kar ka kuskura ka taka silin, na taɓa ganin wanda ya faɗo ya karye a ƙugu. Daga sama kuma a duba kan ƙusoshi, in robarsu ta ƙone ko kwanon ya yi tsatsa a zagayen ƙusa to duk huji ne, a duba haɗin kwano da kwano ko an haɗa da rowa. Amma kafin komai, wane irin rufi ne? Baka faɗa ba. Kwanon ya leƙo waje ne ko irin ɓoyayyen nan ne da ake ɗaga bango a zagaye shi?

Baban Walida:
Nagode ƙwarai yallaɓai. Irin ɓoyayyen ne, daga waje ba a ganin kwanon sam, indararo biyu ne ta baya. Gaskiya ban hau ba kuma ban leƙa silin ba, dillalin yace babu tsani a gidan. Amma gidan ba tsoho bane sosai, ance bai fi shekara 12 ba kuma mai shi da kansa ya zauna a ciki ba haya ya bayar ba.

Abu Sudais:
Na sani dama. Tun da kace fenti ya kumbura a kusurwa nasan farafet ne, wato ɓoyayyen rufin nan. Wannan rufin matsalarsa ba kwano bace, gotar siminti ce da ake yi a ciki ta bayan bangon, duk ruwan saman gidan nan a cikinta yake taruwa kafin ya fita ta indararo. In ta tsage ko ba a bata gangara ba ko ƙasar hunturu da leda sun toshe bakin indararon, ruwa sai ya kwanta ya riƙa tsatsafowa ta cikin bulo, shine kake ganin fenti na kumbura. Indararo biyu kacal a gida mai ɗaki uku da falo yayi kaɗan, ruwan Agusta na Kano in ya sauko da ƙarfi gotar cika take ta koma ta ƙarƙashin kwano. Ni ko kyauta ba zan yiwa kaina farafet ba. Shekara 12 kuma ba hujja bace, na sauke rufin shekara 5.

Dan Zariya:
Haba Abu Sudais kar ka tsorata bawan Allah. Gidanmu farafet ne tun ina sakandare ko ɗigo bama gani, duk shekara kafin damina ake hawa a share a shafa kwalta shikenan. Kuma ka manta amfaninsa, iskar farkon damina da take yaye rufin mutane ai da wuya ta ɗauki ɓoyayye. Malam ka samu ƴan garuwa ko tanka a kwarara ruwa a saman a toshe indararo na ɗan lokaci, in akwai yoyo zaka gani a take.

Abu Sudais:
Ruwan tanka ba ruwan sama bane ɗan uwa. Zai nuna tsagewar gota na yarda, amma ruwan da iska take bugowa a karkace ya shiga ta haɗin kwano da bango fa? Kuma in gotar ta riga ta lalace ka cika ta da ruwa ka jiƙa silin ɗin mutane, wa zai biya, gidan da bai zama naka ba?

Hajiya Ummi:
Ni dai tambayata nawa ka bada kafin alƙalamin kuma an rubuta? Domin mu da dillali ya cinye mana bamu da ko takarda, shekara biyu ana zarya daga wajen mai unguwa zuwa kotu, mijina har hawan jini ya samu. Dillali la'adarsa kawai ya sani, ko gidan zai rufto akanka ba ruwansa.

Baban Walida:
Hajiya an rubuta da shaidu biyu amma ba a saka maganar rufi ba, kawai ance in na fasa sai an samu wani mai saye za a dawo min da kuɗina. Kuɗin dai da yawa a wajena. Amma gaskiya bana zargin dattijon nan, mutumin kirki ne kowa ya shaida, yana iya yiwuwa shima bai sani ba tunda ance ya fi shekara da komawa gidan ɗansa. Kuma ku gane halin da nake ciki, gida bakwai na duba kafin wannan, duk wanda kuɗina suka kai ko babu ruwa ko lungu ne mota bata shiga, ba wai nayi gaggawa bane.

Malam Auwal:
Ba zargi bane ka duba abin da zaka saya. A fiƙihu ma akwai babin aibi a ciniki, in mai saidawa ya san aibi wajibi ne ya bayyana, kuma hadisi ya tabbata wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Ka samu surukinka da ladabi kace Baba inaso a kira mai duba rufi dan kar a samu saɓani daga baya tsakaninka da amininka, zai fahimta in sha Allah. Kayi istihara kuma.

Maman Ilham:
Gida ya shekara a kulle damina guda ta wuce akansa babu mai share indararo? Malam ka leƙa maƙwabta, mata sun san komai, maman yara ta shiga gidan dake jikinsu ta gaisa ta tambaya.

Injiniya Bash:
Shawarar Abu Sudais tana da kyau amma ni bazan ce ka hau da kanka ba, baka san me kake nema ba. Kuma kar ka kira kafintan dake neman aiki, shi komai ya gani cewa zai yi a sauke a sake. Ka nemi injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, wanda bashi da alaƙa da dillalin, ka biya shi kuɗin dubawa kawai, ya ɗauki hotuna ya rubuta maka abin da ya gani da kiyasin gyara. Akwai abubuwan da ido baya gani, kaurin kwanon alminiyom misali, ana cewa milimita 0.55 ne alhali 0.45 ne ko ƙasa da haka, sai an auna. Sannan a duba ko an ɗaure katakon dake kwance akan bango da rodi, a duba wayoyin wuta na cikin silin in ruwa ya taɓa su. Da wannan takardar zaka zauna ace a rage maka kuɗin gyara daga farashi, ba faɗa ba rigima.

Abu Sudais:
Injiniya da girmanka, amma nawa ne cikinku suke shiga silin? Ku tsaya a ƙasa da takarda mu ku tura sama. Ni ba aiki nake nema ba ban ma san bawan Allahn nan ba. Malam lissafi ɗaya zan baka, ka ɗauka kawai rufin nan sai an taɓa shi, ka je Na'ibawa ka ji kuɗin katako ka je Kofar Ruwa ka ji kuɗin kwano da ƙusa, ka haɗa da silin da kuɗin aiki, in kana da wannan a gefe ka saya in babu ka haƙura. In za a sake kuma a jiƙa katakon da maganin gara na gaske ba baƙin mai kaɗai ba.

Dan Zariya:
Baƙin mai ai shi kowa yake sawa kuma yana yi. Mu da aka bamu maganin gara na gwangwani ashe kananzir ne aka rina.

Baban Walida:
Nagode muku duka amma maganar gaskiya bani da ko sisi a gefe, duk abin da muke da shi a cikin gidan nan yake, kuɗin injiniya ma sai dai in jira albashi. Na kira dillalin ɗazu nace zan zo da mai dubawa ranar laraba, yace shi bashi da matsala amma makullin yana wajen ɗan mai gidan kuma yayi tafiya Abuja, sannan wai akwai wani ɗan kasuwa da ya ƙara akan kuɗina yana jira in na fasa. Surukina kuma bana jin zan iya tunkararsa, shi ya haɗa cinikin har ya faɗawa mutane ƴarsa ta yi gida. Ni inaga ko da yoyon ne ai ɗaki ɗaya ne, zamu iya zama a sauran mu gyara a hankali, ya fi a watso mana kaya waje bayan sallah.

Hajiya Ummi:
Wannan ɗan kasuwar da ya ƙara kuɗi mu ma an faɗa mana shi, kalma ɗaya ba canji. In da gaske akwai shi ai kuɗinka sun dawo kenan tunda haka kuka rubuta.

Abu Sudais:
Ɗaki ɗaya ka gani, falon fa? Ruwa ba a inda ya shiga yake ɗiga ba, bin katako yake sai ya samu gangara. Kar ka cika kuɗin nan sai an buɗe silin, ko ɗan mai gidan yana Makka ne a jira shi.

Baban Walida:
To amma in sati biyun suka cika makullin bai zo ba ni ne na saɓa alƙawari a takarda ko su? Kuma akwai wanda ya san ko ana iya hango gotar daga saman benen maƙwabta, akwai wani bene ta bayan gidan