Tambarin manhajar adashi: me za mu duba kafin ya shiga Tawa, Abijan da Kumasi?

Ɗan_Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Muna haɗa manhajar salula ta adashi da lissafin bashi don ƴan kasuwar albasa, masu lodi daga Galmi da Madawa zuwa Abijan, Kumasi da Akara. Za ta fito da Hausa, Faransanci da Turanci. Mai zane ya kawo tambari uku: asusu mai siffar alade, hannu riƙe da tsabar kuɗi, da sunan manhajar da ajami an lanƙwasa shi ya zama da'ira. A ciki kuma maɓallin kuɗin asibiti yana ɗauke da jan gicciye, wurin zaɓen harshe an jera tutoci. Kafin mu biya shi mu kai Play Store, me ya kamata mu duba?

MaiZane_Yamai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aladen dai ka san ba ya buƙatar shawara. Mai zanenku ya ciro shi ne daga tarin hotunan da Turawa ke sayarwa, inda alade ke nufin tanadi. Alhajin da zai zuba cinikin buhu ɗari ba zai zuba shi cikin alade ba.

Hannun yana yiwuwa, amma ka duba inda babban yatsa ya faɗi, ka tabbata na dama ne. Masu zane sukan juya hoto don ya zauna daidai a fili, nan take dama ta koma hagu ba su lura ba. Android ma yana juya hotunan da aka yi wa alamar juyawa idan an sa salula a Larabci. Ka ce wa mai haɗa manhajar kada ya kunna wannan a kan hoton hannun.

Na ajamin shi ne ya fi kyau a ido, shi ne kuma ya fi haɗari. Duk inda layuka uku a tsaye suka jeru, wani lanƙwasa ya biyo bayansu, ido zai karanta sunan Allah ko ba shi aka rubuta ba. Abin da ya sami Nike ke nan a 1997: kalmar Air ce aka zana da siffar harshen wuta a dugadugin takalmi, Musulmi suka ga sunan Allah, kamfanin ya janye takalma wajen 38,000 daga kasuwa. Ko da rubutunku bai yi kama da haka ba, ka tuna inda tambari ke ƙarewa. Zai hau rasit da za a yar a tasha, zai hau sitika a jikin buhu da ƴan dako ke takawa, salular kuma da ita ake shiga ban ɗaki. Dattawa da yawa in sun ga baƙin Larabci a ƙasa ɗagawa suke yi, ba sa tsayawa su karanta. Wanda ya ga ana taka naku, ku zai riƙe a rai.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ka buga kowane tambari a takarda, babba ɗaya, ƙarami ɗaya daidai farcen babban yatsa. Ka duba shi a kife, a kwance, da ta madubi, da baƙi da fari zalla. Sannan ka nuna wa mutum goma zuwa goma sha biyar da ba su san aikin ba: malamin allo, dillali, mata masu adashi, direba, Kirista ko biyu. Kada ka ce "ya yi kyau?", kunyarka za su ji su ce ya yi. Ka ce "me ka gani?" ka yi shiru. Ka tura wa abokan cinikinku na Abijan da Kumasi ta WhatsApp su yi irin wannan a can, da mutanen gari ba ƴan uwanmu masu cin rani kaɗai ba.

Hajiya_Rajista

Ƙanena, jan gicciyen nan ka cire shi yau. Wannan ba maganar addini ba ce kawai, doka ce. Jan gicciye a kan fari alama ce da yarjejeniyar Janeba ta kare tun 1864, don ma'aikatan jinya a fagen yaƙi da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge. Kada kuma ka ce za ka musanya shi da jan jinjirin wata, shi ma an shigar da shi cikin yarjejeniyar a 1929, haka jan lu'ulu'u a 2005. Masu wasannin kwamfuta da dama sai da suka canza launin nasu saboda wannan. Koren gicciye mutanenmu sun saba ganinsa a ƙofar farmasi, za su ɗauka magani kuke sayarwa. Zuciya ko gadon asibiti sun wadatar.

Tutoci ma kuskure ne. Wace tuta za ka ba Hausa? In ka sa ta Nijar, ɗan Sakkwato zai ga ba da shi ake ba. In ka sa ta Najeriya, ka san abin da za ka ji a Tawa. Tutar Faransa kuwa, a yanayin da ake ciki, ba sai na yi dogon bayani ba, ga shi mutumin Abijan da ke jin Faransanci ba Bafaranshe ba ne. Ka rubuta sunan kowane harshe da harshensa: Hausa, Français, English.

In kuna da niyyar rajistar tambarin, OAPI ce a Yawunde, hukumar rajistar tamburan kasuwanci ta ƙasashe 17, takarda ɗaya ta rufe Nijar, Kodebuwa, Benin, Togo da Burkina na shekara 10, ana sabuntawa. Gana da Najeriya ba sa ciki, kowace sai an bi ta daban. Aji-aji ake rajistar: aji na 9 shi ne na manhaja, 36 na harkar kuɗi, 42 na hidimar da ake yi ta intanet. Sashe na 6ter na yarjejeniyar Paris ya hana rajistar tuta ko tambarin ƙasa, don haka lemo, fari da kore da ɗigo a tsakiya ba zai wuce ba. Kifin da ke jikin sefa kuma na BCEAO ne, babban bankin da ke buga sefa, kada a are shi.

Ɗan_Adar, Tawa

Na gode ƙwarai. To in muka ɗauki kuros ɗin Agadas fa? Kowa ya san na Nijar ne.

MaiZane_Yamai

A gida an san shi. A Kumasi gicciye za a gani, wasu su ɗauka ta coci ce. A nan ma hotal-hotal da masu sayar da azurfa sun riga sun cika gari da shi, ba zai bambanta ku da kowa ba. Ni da albasar kanta zan tafi, jar nan ta Galmi. Ba ta da addini, ba ta da jam'iyya, wanda bai yi boko ba ma zai gane ta. Sai dai a kula da launin: in ya yi haske ya koma ruwan hoda, jam'iyyar PNDS mutane za su tuna, in ya yi ja sosai, Airtel.

Injiniya_Wadata

Ban yarda da albasar ɗari bisa ɗari ba, Malam. Ranar da masu tumatir ko wake suka so shiga, tambarin ya riga ya rufe musu ƙofa, ga kuma siffar albasa mai tsini a sama da a ƙarami take komawa ƙubbar masallaci. In za a yi ta, a bar mata ganye biyu da saiwa. Ƙwarya mai murfi ta fi faɗi a ganina.

Ko wanne kuka ɗauka, ga awo. Play Store na son fiksel 512 sau 512. A cikin salula, tun Android 8, ana zana tambari a fili mai dp 108 sau 108 (dp ma'aunin allon Android ne), amma kowane kamfani yana yanke shi yadda ya so, wani da'ira, wani murabba'i. Abin da ba a taɓawa shi ne da'irar tsakiya mai faɗin dp 66. Duk abin da ya fita daga nan yana iya guntulewa, kuma guntulallen zane kan haifi siffar da ba wanda ya zana ta. Android 13 ya ƙaro tambari mai launi ɗaya, a gwada shi ma. Ku gwada a ƙaramar Itel ko Tecno, tsakar rana a kasuwa, ba a allon mai zane cikin ɗaki ba.

In sunanku na da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, yawancin salon rubutun ado ba su da su, sai salula ta aro harafin daga wani salon ya fito bare a tsakiyar kalma, ko akwati ya fito a madadinsa. Noto Sans da Andika suna da su duka.

Abu biyu da ba ku ambata ba. Kada ku zana taswira mai iyakoki: Microsoft ta sha wahala da Indiya kan yadda Windows 95 ya nuna Kashmir a taswirar zaɓen lokaci, har ta cire launin ƙasashe daga wurin. Jerin sunayen garuruwa ya ishe ku. Sai sautin sanarwa: kada a yanko kiran salla ko ƙira'a. Sony ta ɗage fitar da wasan LittleBigPlanet a 2008 saboda an ji ayoyi cikin wani kiɗa da ke ciki, bayan an riga an buga faya-fayan. Ƙara gajere na sakan ɗaya ya isa, tare da maɓallin kashe shi.