Takin bola na yanzu: in zuba a gona ko in bar shi?

Ɗan Gezawa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin ruwa ya sauka. Gonarmu ta gado tana kan hanyar Gezawa, jigawa ce, gero da dawa da wake muke yi, sai gyaɗa jefi-jefi. 'Yan shekarun nan ta gaji ƙwarai. Dawa tana kai gwiwa sai ganyenta ya fara yin rawaya daga ƙasa, ga ƙuduji ya cinye gefen gabas, in ka leƙa a watan Satumba furensa kawai za ka gani. Buhun takin zamani kuma kowa ya san yadda ya koma, sai mai hali.

Shi ya sa bana na sa aka kawo min takin bola a tifa daga cikin birni, kamar yadda maƙwabtana suke yi. Da muka fara baza shi da cebur sai hankalina ya tashi. Leda kam ba a magana, ta ruwa da baƙa duk sun cakuɗe. Amma akwai batiran tocila da suka fashe baƙin garinsu ya zube, akwai fasassun kwalabe, wayoyin lantarki da aka ƙona, har allurar asibiti yarona ya tsinto. Ƙasar kanta baƙa ce mai laushi, in ka damƙa kamar taki na gaske.

Na tsayar da aikin, tulin yana nan a bakin gona. Uwargida kuma tana so a ba ta wani yanki kusa da rijiya ta yi alayyahu da latas da rani, da wannan takin take ƙirga. Wani ya ce min in cinna masa wuta ledar ta ƙone, shi ke nan. Masu sani, me kuka gani?

Tsohon Manomi, Kumbotso:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kar ka sa masa wuta. Hayaƙin leda ba abin shaƙa ba ne, kuma wutar za ta cinye ainihin abin da ka saya, ta bar maka toka da narkakkiyar leda da ba ta ruɓewa.

Takin birni ba sabon abu ba ne. Da shi muka tashi. Tun asuba za ka ga jakuna sun nufi gari da itace ko kara, su dawo da mangala cike da taki. Amma me ke cikin juji a wancan lokacin? Tokar murhu, kashin awaki da na jaki, sharar tsakar gida, dusa, ɓawon gyaɗa, tsohuwar ƙasar gini da ta rushe. Duk abin da ke ciki daga gona ya fito, gona ya koma. Yanzu fa? Ni da idona na huɗa gonar da aka shekara ana zuba mata bola, garma tana tono leda kamar an shimfiɗa ta. Saiwa ba ta ratsa ta, ruwa ba ya sauka, akuya ta ci ta rame har ta mutu.

Abin da nake yi: ina sa yara su yi rariya da wayar keji a jikin katako, a jingine ta, a riƙa watsa takin da cebur. Mai laushi ya wuce, tarkace ya tsaya. Kowa da takalmi, saboda kwalba da allura. Sannan in bar shi ya sha ruwan damina ɗaya a tule kafin ya shiga gona.

Malamin Gona, Zariya:

Baba ya faɗi gaskiya game da wuta da rariya, Allah ya ƙara girma. Abin da ya bayyana na jakuna ma har a rubuce yake. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba, saboda taki daga turke da daga gari, da wake da gyaɗa a tsakanin hatsi, da harawa da ke komawa cikin dabba.

Sai dai, Malam, rariya tana raba ka da abin da ido ke gani ne kawai. Damuwata tana ga abin da ya riga ya zama gari. Batirin tocila na yau da kullum galibi zinki da manganis ne a cikinsa, ba shi ne mafi muni ba. Wanda ake tsoro shi ne batirin mota da na inbata, don dalma ce a ciki, sai wasu tsofaffin batiran caji masu kadmiyam, da tsohon fenti, da tokar wayoyi da kayan lantarki da 'yan gwangwan ke ƙonawa don su cire tagulla. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Ko takin ya shekara goma a tule suna nan, in kuma ka ƙona shi ƙara tattara su ka yi a cikin toka. Sun shiga gona, sun zauna a saman ƙasa, jikokinka ma za su same su.

Don haka tambayar farko ita ce daga wane juji aka ɗebo. Bolar unguwar da ake kiwo da girki da itace daban, ta bayan gareji ko kusa da masana'antu daban. A Kano kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai da sinadarin kuromiyam suke aiki, kuma masu bincike sun sha auna ƙarafa masu guba a ƙasa da ganyen lambunan da ake shayarwa da ruwan Jakara da Getsi. Ka kira mai tifar ka tambaye shi.

Ta biyu, me za a shuka. Hatsi irin gero da dawa ba sa kai dalma da yawa cikin ƙwaya, yawancinta a saiwa take tsayawa. Ganye ne abin ji. Latas da alayyahu suna jan kadmiyam sosai, kuma suna kusa da ƙasa, ruwan ban-ruwa yana fallatsa musu laka, ga latas ɗanye ake ci. Karas ma ƙasa na manne masa. Saboda haka ka ba uwargida haƙuri, lambunta ya samu kashin awaki ko na kaji da ya ruɓe sosai, ba wannan ba.

Wani abu da mutane ba su cika lura ba: ƙasar jigawa in aka daɗe ana zuba mata yuriya zalla ba takin gargajiya, tana yin tsami, kuma a ƙasa mai tsami ne shuka ta fi jan waɗannan ƙarafa. Tokar itace tsabtatacciya da takin dabbobi suna rage wannan.

Rawayar da kake gani daga ganyen ƙasa alamar ƙarancin naitirojin ce, ƙuduji ma gonar da ta talauce yake so. Gefen gabas ɗin nan ka hutar da shi daga dawa, ka sa waken suya ko gyaɗa, kuma ka tuge ƙudujin kafin ya zubar da iri, don irinsa yana daɗewa a ƙasa shekaru da yawa yana jira.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gusau:

Ni ba manomiya ba ce, amma da na ga an ambaci dalma ban iya wucewa ba. Ɗan uwa, ka raba yaran nan da tulin tukuna.

Mu nan Zamfara mun san ta. A 2010 aka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ashe cike suke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi ɗaki, ta bi inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu, galibi 'yan ƙasa da shekara biyar. Jijjiga ce ke kama su, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ba da maganin da ke fitar da ita daga jini, amma ba a fara magani sai an gyara ƙauye, don in yaro ya koma kan ƙasar nan aikin banza ne. Gyaran kuwa shi ne a kankare saman ƙasar gida gida, a kwashe a binne, a kawo sabuwa a zuba. Bagega sai 2013 aka samu aka yi mata. A 2015 ma an sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ban ce takinka ya kai ko kusa da wannan ba, can dutsen ma'adini ne, abin ya wuce misali. Abin da nake so ka riƙe shi ne hanyar shigarta: hannu zuwa baki, da ƙura. Babba zai yi aiki ya wanke hannu, yaro kuwa zai zauna a kan tulin yana cin ƙuli-ƙuli. Kuma kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana taɓa masa ƙwaƙwalwa, sai a makaranta a ce ba ya ganewa. In za a rairaye, manya su yi, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a rufe hanci, kayan aikin kuma kar su shiga ɗaki. Allurar da ya tsinta, in ta soke shi a kai shi asibiti.

Ɗan Gezawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, ba ta soke shi ba, alhamdu lillahi, kuma na hana su zuwa wajen.

Malam, na kira direban. Ya ce lodi biyu ne aka haɗa: rabi daga jujin wata unguwa da ke da mahauta da masu kiwo, rabi daga wani fili a bayan masu gyaran mota inda 'yan gwangwan ke tara kaya. Da na koma na duba, lallai gefe ɗaya ya fi warin mai, kuma can ne wayoyin suke. Ɗaya gefen har ƙasusuwa da kashin shanu ake gani. Tunda tifa juyewa ta yi, tsakiyar ta cakuɗe, amma gefunan ana iya rabawa. Ina ake gwajin ƙasa, kuma yaya ake ɗiba?

Na Maraɗi:

Sannunku da aiki. Kafin malam ya amsa, ga abin da muke yi a nan, inda ƙasarmu ta fi taku yashi. Ba mu watsa takin zamani. Marfin kwalbar lemo ɗaya na takin NPK, wajen giram 6, a kowane ramin shuka, a gefe kaɗan kada ya taɓa iri. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a nan Nijar suka gwada shi suka yaɗa. Buhu ɗaya yana nisa, in ka haɗa da ɗan damƙin takin awaki a ramin abin sai ka gani.

Sannan itace. Tun shekarun 1980 aka fara sassaben zamani a yankin Maraɗi: kututturen da ke tohowa a gona ba a sare shi duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari su tashi. Ka je wajen Matamaye da Magarya ka ga gawo a gonaki. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, da rani dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Hatsin gindin gawo daga nesa ake gane shi. In akwai ƙananan gawo a gonarka ka hana a sare.

Malamin Gona, Zariya:

Gefen garejin nan, Malam, kar ya shiga gona ko kaɗan, haɗe da tsakiyar da ta cakuɗe. Kar kuma ka tura shi bakin rijiya ko hanyar ruwa. Gefen mahautan ka rairaye kamar yadda Baba ya ce, ka sa wa dawa da gero.

Gwaji kuwa, ana yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a nan Zariya, kuma kusa da kai akwai sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero. Samfur biyu za ka kai, kowanne da ledarsa sabuwa da rubutu a jiki. Na gona: ka zaga ka ɗiba wurare kamar goma, zurfin taƙi guda, ka kauce wa gindin itace da inda aka taɓa tara taki, ka cakuɗa a bokiti mai tsabta, ka shanya a inuwa, ka ɗebi kamar rabin kilo. Na tulin: daga sama, tsakiya da ƙasa na gefen da kake son amfani da shi. Ka faɗa musu a fili kana son a auna dalma da kadmiyam da kuromiyam, don gwajin da aka saba tsami da naitirojin da fosfaras da fotasiyam kawai yake dubawa, na ƙarafa kuɗinsa daban ne. In sakamakon ya fito ka ɗauki hotonsa ka sa a nan mu duba tare.