Taurin kan almajirai ne, ko Nassin ne bai fito fili ba?

Shugaban matasa: Salama gare ku. Ni dai ban ga uzurin da za a yi wa almajiran Yesu ba. A Markus kaɗai sau uku ya faɗa musu za a kashe shi, ya tashi bayan kwana uku: 8:31, 9:31, da 10:34. Ga Attaura da Annabawa da suke ji a majami'a kowace Asabar. Amma Yohanna 20:9 ya ce har Bitrus ya shiga kabarin bai gane Nassin da ya ce lalle ne ya tashi ba. In wannan ba taurin kai ba ne, mene ne?

Ɗalibin tauhidi: Yayana, kawo mini aya ɗaya a Tsohon Alkawari da ta ce Almasihu zai mutu ya tashi rana ta uku, ƙarara haka.

Shugaban matasa: Zabura 16:10. Ishaya 53. Yunusa a cikin kifi.

Ɗalibin tauhidi: To mu bi su. Zabura 16 Dawuda ne yake magana da bakinsa, yana cewa Allah ba zai bar shi ya ruɓe a kabari ba. Bayahude mai karatu zai ɗauka kansa yake nufi. Sai a ranar Fentikos Bitrus ya kawo hujjar cewa Dawuda ya mutu, kabarinsa na nan a wurinsu, saboda haka wani yake nufi. Labarin Yunusa kuwa labari ne na annabin da ya guje wa aike, Yesu ne ya mai da shi alama a Matiyu 12:40. Yusha'u 6:2 ya ambaci rana ta uku, amma "mu" ya ce, al'ummar Isra'ila ke nan. Ishaya 53 ne ya fi kusa, shi ma bai kira bawan Allah mai shan wahala da ya ambata Almasihu ba. Mu da muka san ƙarshen labari muna ganin komai a sarari.

Mama shugabar zumunta: Ɗana, karatunka ya yi, amma Ubangiji da kansa bai ɗauke musu laifi ba. A hanyar ƙauyen Imuwasu, bayan tashinsa, cewa ya yi wa mabiyansa Kiliyobas da abokinsa marasa fahimta, masu nauyin zuciya wajen gaskata annabawa. Luka 24:25. Kai za ka fi shi tausayinsu?

Ɗalibin tauhidi: A'a Mama, wane ni. Sai dai ki duba abin da ya biyo baya. Tafiyar wajen kilomita 11 ce daga Urushalima, ya yi ta buɗe musu Littattafai tun daga Musa. Abin da yake a fili ba ya bukatar doguwar fassara haka.

Dattijon ikilisiya: Ku bari in sa baki. Tashin matattu ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Sadukiyawa ne suka ƙi shi, Farisiyawa sun yarda, ga kuma Daniyel 12:2. Ku tuna amsar Marta da aka ce mata ɗan'uwanta Li'azaru da ya mutu zai tashi: ta ce ta sani, zai tashi a ranar ƙarshe. Abin da suka sani ke nan, kowa da kowa a tare, a ƙarshen duniya. Mutum ɗaya ya tashi alhali Bilatus na kan kujerarsa, ana ci gaba da karɓar haraji, wannan ne bai shiga kansu ba. Shi ya sa a Markus 9:10 suke tambayar juna ma'anar tashi daga matattu.

Shugaban matasa: Baba, da girmamawa, Li'azaru fa? Da 'yar Yayirus, da ɗan gwauruwar Nayin? A gabansu aka yi. Ko Hirudus da ya ji labarin Yesu cewa ya yi Yohanna Mai Baftisma ne ya tashi.

Dattijon ikilisiya: Wa ya tashe su ukun? Yesu ne. To ga mai tashe su an rataye shi a kan itace, Kubawar Shari'a 21:23 kuma ta ce ratayayye la'ananne ne. Wa zai tsaya a bakin kabari ya kira sunansa? Maganar Hirudus kam ka kama ni, amma tsoron wanda ya fille wa kai ne yake magana.

Malamar makarantar Lahadi: Abin da ke ɗaure mini kai Matiyu 27:63 ne. Manyan firistoci da Farisiyawa sun tuna ya ce zai tashi bayan kwana uku, har suka nemi a sa masu gadi. Maƙiya sun riƙe maganar, masoya kuwa suka sayo kayan ƙanshi na shafa wa gawa.

Mama shugabar zumunta: Kada a taɓa matan nan, 'yata. Su ne suka tuna maganarsa da mala'iku suka tunashe su. Da suka kai labari, mazan ne suka ɗauke shi tatsuniya.

Ɗalibin tauhidi: Firistocin ba gaskatawa suka yi ba, satar gawa suke tsoro. Almajirai kuwa sarauta ce a ransu. Yesu yana gama faɗa musu mutuwarsa da tashinsa karo na biyu suka shiga gardamar wane ne babba. Bayan karo na uku Yaƙub da Yohanna suka roƙi kujerun dama da hagu. Ko bayan tashin, a Ayyukan Manzanni 1:6, tambayarsu ita ce ko yanzu zai mayar wa Isra'ila mulki.

Shugaban matasa: Ai ka dawo kan maganata ke nan. Kunne ya ji, zuciya na wani wuri.

Malamar makarantar Lahadi: Amma Luka 18:34 ya ce an ɓoye musu maganar, 24:45 kuma ya ce Yesu ne ya buɗe hankalinsu. In rufewa aka yi, ina laifinsu?

Dattijon ikilisiya: Luka ɗaya ne ya rubuta an ɓoye musu, shi ne kuma ya rubuta tsawatawar Imuwasu, bai ga sun yi karo ba. Markus 9:32 ya ƙara da cewa sun ji tsoron tambayarsa. Ni a nan na fi ganin nasu laifin.

Ɗalibin tauhidi: Baba, wanda ya ji an ce wa Bitrus "Shaiɗan" a kan wannan maganar, da wane baki zai sake tayar da ita?